Dutsen Mars da aka tsinta a Agadas: wai da me aka gane daga can ya faɗo?

Abba_Kurna:
Salam jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin abin ku fitar da ni daga duhu. Dutsen nan da aka tsinta a jihar Agadas aka kai Amurka aka yi gwanjonsa dala miliyan 5.3, wai daga duniyar Mars ya faɗo. To tunda har yau babu ɗan Adam ɗin da ya taka Mars, kuma babu kumbon da ya je ya ɗebo ƙasar can ya dawo da ita, da me aka gwada aka ce na can ne? Ba musu nake ba, so nake in fahimta. Don ni dai a hoto dutse na gani ja-ja, bayan gidanmu ma ba za a rasa irinsa ba.

Sarkin_Musu:
Kai ne ba ka musu, ni kam musun nake. Dabarar cin kuɗin attajirai ce kawai. Ka ɗauko dutse ka laƙaba masa Mars sai wani ya zuba maka biliyoyi.

Yar_Zazzau:
Dala miliyan 5.3 nawa ke nan a kuɗinmu? kaina ya ɗau zafi

Baban_Ilham:
Kusan naira biliyan 8 a canjin lokacin gwanjon Hajiya. Nauyinsa bai kai kilo 25 ba, rabin buhun siminti ke nan.

Yar_Zazzau:
Innalillahi. Mu muna nan muna taka arziki da silifas ashe

Malamin_Kimiyya:
Abba tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiya ne ba a taɓa dawo da ko tsakuwa ɗaya daga Mars ba. Amma an taɓa auna iskar can. A 1976 Amurka ta saukar da na'urori biyu a kan Mars, Viking 1 da Viking 2, cikin aikinsu har da shaƙar iskar wurin su tantance me da me ke cikinta su aiko da lissafin ta rediyo. Iskar Mars ba irin tamu ba ce, kusan kashi 95 cikin ɗari iskar nan ce da muke fitarwa in mun yi numfashi, sannan akwai wasu 'yan ƙananan sinadarai irin su agon da naitirojin da zenon waɗanda yadda suka cakuɗu a can ya sha bamban da na duniyarmu da na ko'ina da aka taɓa aunawa. Aka rubuta lissafin aka ajiye.

To dama tun kafin nan akwai wasu 'yan duwatsu da suka faɗo daga sama da suka hana masana barci, saboda ba su yi kama da sauran ba. A 1983 aka ɗauki ɗaya daga ciki wanda aka tsinta a ƙanƙarar Antaktika, a cikinsa akwai wasu guraren da dutsen ya taɓa narkewa ya koma gilas, kuma gilas ɗin ya kulle iska a ciki, kamar 'yan kumfar nan da kake gani a gindin kwalbar lemo. Aka gasa gilas ɗin a ɗakin gwaji iskar ta fito aka auna, sai ga lissafi ya zo daidai da wanda Viking ta aiko shekara bakwai baya. Daga nan aka daina hasashe.

Abba_Kurna:
Ikon Allah. Wato iskar can ce dutsen ya taho da ita a cikinsa. To Malam ya aka yi ya baro can ɗin? Dutse dai ba fiffike gare shi ba.

Malamin_Kimiyya:
Wani ƙaton dutse ne daga sararin samaniya yake faɗa wa Mars da mugun gudu, ƙarfin bugun ya tarwatsa ƙasar wurin ya cilla ɓaraguzai sama. Ƙarfin jan Mars bai kai rabin na duniyarmu ba, iskarta kuma siririya ce ƙwarai ba ta tare abu, saboda haka duk ɓallin da ya samu gudun kilomita 5 a daƙiƙa ɗaya ya tafi ke nan ba zai dawo ba. Sai ya shiga zagaya rana shekaru miliyoyi har wata rana hanyarsa ta haɗu da tamu. Kuma wannan bugun ne ya narka wani sashe nasa ya zama gilas ɗin da na faɗa.

Sarkin_Musu:
Duk dai su suka auna, su suka rubuta, su suka sayar, su suka saya. Wa ya tsaya a kansu?

Injiniya_Bichi:
Sarkin musu ai ba ƙasa ɗaya ke yin gwajin ba. Shi wannan na Agadas ɗin ma a Shanghai ta ƙasar Sin aka fara tantance ɓallinsa, kuma ka san da Sinawa za su kama Amurka da ƙarya a kan wannan da tuni sun yi shela. Su kansu sun saukar da motarsu a Mars a 2021.

Dan_Maradi:
Ku kuna zancen kimiyya mu abin da ya dame mu shi ne yadda anka yi dutsen ya fita ƙasar. A watan Nuwamba 2023 anka tsince shi, ba wanda ya ji labari, sai gani munka yi an aje shi Italiya ana kallo, daga nan sai New York wurin kamfanin gwanjo na Sotheby's an buga mishi ƙararrawa ran 16 ga Yuli 2025. Ba a faɗi wanda ya tsinta ba, ba a faɗi wanda ya saida ba, ba a faɗi wanda ya saye ba. Kusan biliyan 3 na sefa. Gwamnati ta ce ta buɗe bincike kuma an dakatar da fidda irin waɗannan duwatsun waje, su kuma masu gwanjon sun ce takardunsu cikakku ne. To mu dai muna kallo.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wanda ya fara ɗaukarsa a daji Allah kaɗai ya san nawa aka ba shi. Shi nake tausayi wlh

Dan_Faskari:
Wai ku tsaya, kun san irin wannan dutsen ya taɓa faɗowa a Katsina kuwa? Zagami, nan cikin ƙaramar hukumarmu. Ran 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa da rana tsaka ya ji wata ƙara kamar aradu, iska ta buge shi, sai ga abu ya faɗo tim kusa da shi bai fi taku kaɗan ba ya nutse cikin ƙasa wajen ƙafa biyu. Da aka tono shi kilo 18 ne. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. A lokacin ba wanda ya san daga Mars yake, ko Turawan ma ba su sani ba. Yanzu duk wanda ya karanci duwatsun sama a duniya ya san sunan Zagami, amma ka zo nan Faskari ka tambayi matasa goma ka ga ko mutum nawa za su ba ka labari.

Yar_Zazzau:
Kai dan Allah da gaske?? Ni ko a makaranta ban taɓa ji ba

Malamin_Kimiyya:
Da gaske ne, Dan Faskari ya riga ni. Kuma Zagami na cikin duwatsun da aka samu iskar Mars ɗin a cikin gilas ɗinsu, a 1995 aka fitar da sakamakon. Darajarsa a wajen masana ta fi ta waɗanda ake tsinta a hamada ta wani fannin, don shi an ga faɗowarsa aka ɗauke shi da wuri, bai yi shekaru yana shan rana da ruwa da ƙura ba. Wani abin da zai ba ku mamaki, a 1996 da za a harba kumbon Mars Global Surveyor an maƙala masa ɗan mitsitsin ɓallin Zagami a jikin wata na'urarsa. Kumbon ya daina magana a 2006 amma ba a sauko da shi ba. Wato wani ɓalli na dutsen da ya faɗo gonar Bakatsine an mayar da shi ya je yana zagaya inda ya fito.

Abba_Kurna:
Wannan kam ya kashe min baki

Sarkin_Musu:
To ina sauran kilo 18 ɗin yake yanzu? Nan ne zancen.

Dan_Faskari:
An yayyanka shi. Wani dillalin duwatsun sama Ba'amurke ya samu babban kaso daga baya, yanzu yankakkunsa na warwatse a jami'o'i da gidajen tarihi da hannun masu tarawa, har a intanet ana sayar da shi giram-giram. Shi ya sa ma da aka tashi lissafi aka ce na Agadas ya fi wanda ke bi masa da kashi 70 cikin ɗari, wanda ke bi masan wani ne daga Mali mai kilo 14 da rabi. Da an bar namu ɗungurungum shi ne na biyu.

Baban_Ilham:
Nijar, Najeriya, Mali. Wai mu Mars ɗin ta raina ne take ta jifanmu haka 😂

Injiniya_Bichi:
Ko'ina suke faɗowa Baban Ilham, mafi yawa ma teku suke faɗawa tunda ruwa ya fi ƙasa yawa. Abin da ya sa ake samunsu a Sahara shi ne baƙin dutse a kan farin rairayi daga nesa za ka hango shi, ba ciyawa ba bishiya, kuma ba ruwan saman da zai ruɓar da shi. Haka ma Antaktika, baƙin abu a kan ƙanƙara. Wanda ya faɗo dajin kudu kuwa sai dai Allah.

Mai_Haƙar_Zinari:
Ni na zauna can arewa wajen haƙar zinari kuma na ga masu wannan harkar da idona. Su ba haƙa suke ba, mota suke bi a hankali da sassafe ko da la'asar lokacin da inuwa ta yi tsawo, ido a ƙasa, in sun hangi baƙin dutse shi kaɗai a fili su tsaya su sauko. Kowanne da ɗan maganaɗisu ɗaure a igiya a aljihu. Na taɓa riƙe ɗaya a hannu, bai kai ƙwan kaza ba amma nauyi kamar ƙarfe, bayansa baƙi sumul kamar an shafa masa kwalta, da 'yan lotse-lotse a jiki. Da mai shi ya nuna min inda ya ɓalle sai ga cikinsa toka-toka da ɗigon ƙarfe yana ƙyalli. A lokacin dariya muke musu muna cewa mutane na neman zinari ku kuna tsintar duwatsu.

Malamin_Kimiyya:
Wanda ka riƙe ɗin daga bayaninka irin gama-garin ne, masu ƙarfe a ciki. Su ne suka fi yawa kuma ba su da tsada can. Baƙin bayan nan ƙonewar da ya yi ce lokacin da ya keto iskar duniya. Na Mars kuwa da ƙyar maganaɗisu ke kama su, shi ya sa mai dogaro da maganaɗisu kaɗai zai iya jefar da mai tsadar ya riƙe mai arha. Cikin duwatsun sama sama da dubu 77 da aka yi wa rajista, na Mars wajen 400 ne kacal.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To yanzu kun sa yara za su cika mana gida da duwatsu. Jama'a a yi hattara kuma, ƙanin maigidana an taɓa damfararsa da irin wannan, wasu suka kawo masa dutse wai daga sama ya faɗo akwai Bature mai saye a Legas, ya ba da kuɗin kamasho da na mota, ashe kashin maƙera ne. Har yau in ana so a ɓata masa rai sai a ce ina Baturen.

Ustaz_Gwale:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Ni ban ga abin da ya ci karo da addini a nan ba, an ma umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta. Abin da kawai nake jan hankali shi ne shekarun nan da ake lissafawa miliyan kaza miliyan kaza, a riƙa cewa bincike ya nuna, sanin haƙiƙa na Allah ne.

Malamin_Kimiyya:
Haka ne Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Kuma shekarun ma suna cikin hujjar da Abba ya tambaya. Gama-garin duwatsun sama in aka auna su ana samun wajen shekara biliyan 4 da rabi, tun farkon samuwar rana da duniyoyinta suka daskare ba su sake narkewa ba. Amma Zagami bincike ya nuna wajen shekara miliyan 180 ne da daskarewarsa, kuma daga narkakken dutse irin na aman wuta ya samu. Ƙaramin dutse mai yawo a sama ba zai riƙe zafi har zuwa lokacin ba, sai babbar duniya. Wata kuma muna da duwatsunsa a hannu, 'yan sama jannatin Amurka da suka sauka a can a shirin Apollo sun kawo kilo 382, an gwada ba su dace ba. Duniyar Zara kuwa iskarta ta yi kauri ƙwarai ga ƙarfin ja kusan irin namu, da wuya abu ya kuɓuto. Tun kafin a auna iskar ma masana sun fara zargin Mars.

Sarkin_Musu:
Yauwa an zo wurin. Apollo. Wanda aka ɗauka a situdiyo.

Baban_Ilham:
Shi ke nan an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi

Dattijo_Fagge:
Yaro bari in gaya maka abin da ba a situdiyo aka yi ba. Nan Kano Amurkawa suka kafa tashar bibiyar kumbonsu a farkon shekarun 1960, muna yara ana zancenta a gari. Ran 20 ga Fabrairu 1962 da ɗan sama jannatinsu John Glenn ya zagaya duniya sau uku ya bi ta samanmu ya yi magana da tashar Kano, har ya ce musu yana hango ƙura ta tashi a ƙasa, suka ce masa ai iska ake ta yi kwana biyu. Kai ka san watan Fabrairu a Kano ba sai an gaya maka ko wace ƙura ba ce. Sannan a watan Agusta 1963 shugaban Amurka Kennedy ya yi waya da marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan Adam, karon farko ke nan da shugabannin ƙasashe biyu suka yi magana ta wannan hanyar. Wayar da ke hannunka da take nuna maka hanya in ka ɓata, da me kake tsammani take aiki?

Sarkin_Musu:
Allah ya ja kwana Baba, ni tauraron ɗan Adam ban musa ba. Sauka a wata ne ban yarda ba.

Injiniya_Bichi:
Rasha da suke gasa da su a lokacin ba su musa ba sai kai. Sin ma ta aika na'ura ta ɗebo ƙasar wata a 2020, ta sake ɗebowa daga bayansa a 2024.

Dan_Faskari:
Baba kun lura kuwa, shekarar da Glenn ya wuce ta saman Kano ita ce shekarar da dutsen ya faɗo Zagami. Fabrairu da Oktoba.

Dattijo_Fagge:
Ban taɓa haɗa su ba sai yanzu da ka faɗa. Allah ya yi maka albarka.

Ummu_Khairat:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri. Abin nan da muke gani da dare kamar tauraro ya tsinke ya ja wuta, muna yara a ƙauye in mun kwana a tsakar gida lokacin zafi kakarmu ta ce mu yi a'uziyya, shi ne wannan dutsen? Akwai wanda na taɓa gani ya haske garin gaba ɗaya kore shar har karnuka suka hau haushi

Malamin_Kimiyya:
Danginsu ɗaya Anti. Yawancin waɗanda kike gani ba su wuce ƙwayar gero ba, gudunsu ne ya yi yawa sai su ƙone ƙurmus tun suna can sama. Wanda ya haske gari ɗin nan babba ne, irinsa ne wani lokaci ake samun saura ya iso ƙasa.

Abba_Kurna:
Malam bari in dawo da mu baya kaɗan. Shi na Agadas ɗin, an fasa shi an auna iskar cikinsa kamar yadda aka yi wa Zagami? Ko dai kamanni aka bi?

Malamin_Kimiyya:
Ba kowane dutse ake auna wa iska ba, don ba kowanne ne ya kulle ta ba. Waɗanda aka samu iskar a cikinsu su suka zama ma'auni. Sai a duba sauran, irin ma'adinan da ke ciki, yadda ƙarfe da manganis suka daidaita, da nau'in iskar oksijin da ke ɗaure a jikin dutsen wanda na duniyarmu daban na Mars daban. In duk suka zo ɗaya sai a ce 'yan gida ɗaya ne. Na Agadas a dangin Zagami aka sa shi, dangin da ake kira da sunan wani gari a Indiya inda irinsa ya faɗo a 1865.

Sarkin_Musu:
Ka ji ko. Kamanni aka bi.

Injiniya_Bichi:
Gwajin jini ma ai kamannin ake bi kuma kotu na karɓa

Abba_Kurna:
Ni dai na gamsu da kashi mai yawa. Amma gaskiya zan fi samun natsuwa ranar da aka je aka ɗebo na can aka ajiye su gefe da gefe.

Injiniya_Bichi:
Masanan ma abin da suke jira ke nan. Motar Amurka mai suna Perseverance tun Fabrairu 2021 take can tana huda duwatsu tana zubawa a 'yan bututu tana rufewa, ɗaukowar ce ta gagara don an yi lissafi kuɗin zai iya kai dala biliyan 11. Kuma akwai abin da dutsen da ya faɗo da kansa ba zai gaya maka ba, wato daga wane wuri a Mars ya ɓallo.

Dan_Maradi:
To kun ji, biliyan 11 na dala don a ɗauko abin da Allah ya kawo muna har gida kyauta munka bari ya fita. Da a Yamai yake aje ko Agadas, yaran lakwal su zo su gani, masu bincike su biyo shi nan.

Mai_Haƙar_Zinari:
Dan Maradi in ka ce gwamnati za ta karɓe ba ko sisi wallahi wanda ya tsinta ba zai kawo ba, ta Libiya ko Aljeriya zai bi da shi cikin dare. Mutum ya sha ƙishirwa a hamadar Tenere ya sa ransa a hannu sannan a ce na ƙasa ne? A saya a hannunsa da daraja shi ne magana.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Kuma a ajiye a ina? kar a wayi gari a ce ɓera ya cinye

Yar_Zazzau:
Ni dai a nuna min Mars ɗin da ido in gani, ana ganinta kuwa ba na'ura?

Malamin_Kimiyya:
Ana gani sarai, ja-ja take kuma ba ta ƙyaftawa kamar sauran taurari. Duk wata 26 take matsowa kusa da mu, ta matso a Janairun 2025, sai kuma Fabrairun 2027. Lokacin da magariba za ki gan ta ta gabas.

Dan_Faskari:
Dan Maradi ku dai ku bi naku tun da sauran ɗumi. Kuma in an dawo muku da shi ku ba mu sirrin, mu ko yanki ɗaya a kawo Katsina.

Dan_Maradi:
Sai an san wanda ya saye tukuna